Keken motsa jiki na cikin gida: wanne za ka saya idan juriya kake nema?

Masu neman abin tuƙa keke a cikin ɗaki kashi biyu ne tun kafin a zo maganar kuɗi, akwai wanda yake da keke mai giya a gida, akwai wanda ba shi da shi, kuma wannan kaɗai ya yanke rabin shawarar. Sauran rabin yana ga irin motsa jikin da kake nufi. Ni maganar juriya nake yi, wato ka zauna kan sirdi minti 45, awa ɗaya, wata rana har awa biyu, kana tuƙi a hankali yadda numfashi zai ɗan ɗaga amma zaka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ya katse maka magana ba. Irin wannan tuƙin shi ke gina zuciya da huhu, kuma a kansa 'yan tseren keke suke kashe yawancin lokacin atisayensu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a sati, to kaga idan keke ka zaɓa, dogon zama ne kusan kullum. Keken da ya yi maka daɗi a minti biyar na gwaji a shago yana iya zame maka azaba a minti na hamsin, shi yasa ma'aunin nan ya bambanta da na mai son ya ɗan yi gumi ya sauka.

Abin dubawa kafin farashi

Na farko shi ne zaman. Sirdi ya zama yana hawa sama yana sauka, yana kuma matsawa gaba da baya, kan keken ma ya zama ana iya ɗaga shi. Gwajin tsayi mai sauƙi ne, ka ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa, idan ƙafarka ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkace ba to daidai ne, in ka mayar da gaban ƙafa zaka ga gwiwa ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Mai tuƙi juyi 85 a minti yana juya ƙafa sama da sau 5,000 a awa ɗaya, saboda haka ɗan kuskuren tsayin sirdi da baka ji ba yau, gwiwarka zata ji shi bayan sati uku. Ka duba faɗin da ke tsakanin fedoji biyun ma. A keken titi kusan santimita 15 ne, a wasu kekunan gida masu araha ya wuce 20, mutum yana tuƙi ƙafafu a buɗe. Sirdin nan mai faɗi mai taushi kuma da yake jan hankali a shago, a dogon zama gogar cinya yake yi, gara wanda za a iya kwancewa a ɗaura sirdin keke na gaske.

Na biyu yadda keken yake kawo nauyi a ƙafa. Wani da birki ne mai gogar wili, wani da maganaɗisu, wani da mai a cikin gwangwani, wani da iska, wani da lantarki. Wannan shi ke nuna yawan ƙara, da abin da zai fara lalacewa.

Na uku wuta da intanet. Kowa ya san halin da ake ciki, kada ka sayi abin da in an ɗauke wuta atisayen ranar ya tashi. Sai ƙara, musamman in gidan haya ne ko a bene kake ko bayan asuba kake son tuƙi yara suna barci. Sai kayan gyara, shin mai gyaran keke na unguwa zai iya taɓa shi ko sai an yi odar wani abu daga waje an jira wata biyu.

Sannan zafi, wanda dan Allah kada ka raina shi domin shi ne ya fi sa mutane ajiye keke a lungu. Daga ƙarfin da jiki yake ƙonawa, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai yake zuwa feda, sauran duk zafi ne. Idan kana tura wat 150 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ƙafa take sa wa feda), wanda matsakaicin tuƙi ne, jikinka yana fitar da zafin da ya kai wat 450 ko fiye, a titi iska ce take kwashe shi, a ɗaki kuwa babu mai kwashewa, gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, bugun zuciya ya yi ta hawa alhali baka ƙara gudu ba, kafin minti talatin ka gaji ka ɗauka ƙarfi ne baka da shi. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu da zafi yake haura 40, wannan ba wasa ba ne. Fankar sama bata isa ba, ana son fankar tsaye mai ƙarfi tana bugun ƙirji da fuska kai tsaye, in da hali mai caji ko ta sola. Ko wane keke zaka saya, ka fara cire kuɗin fanka tukuna.

Farashin da zan ambata na dala ne a ƙasashen da ake sayar da su, kimantawa ce, domin naira da sefa da sidi ba sa tsayawa wuri ɗaya, kuma sai ka ɗora kuɗin dako da na kwastan.

Keken motsa jiki na gama-gari

Shi ne wanda aka fi gani a shagunan kayan wasanni da Jiji da Jumia, ƙarami, da ɗan allo mai batir, da abin murɗawa mai lamba 1 zuwa 8. Kusan dala 150 zuwa 300. Shiru ne, baya cin wuta, mace ko dattijo ko wanda yake farfaɗowa daga jinya zai iya hawa ba tsoro. Matsalarsa wilinsa mara nauyi ne, tuƙin baya tafiya sumul, sirdinsa mai faɗi, kuma dogon mutum sau da yawa baya samun tsayin da ya dace. Lambobin da allonsa yake nunawa na kalori kada ka dogara da su. Na minti 20 zuwa 30 ya wadatar, amma wanda yake son kai awa ɗaya da rabi zai fi ƙarfinsa cikin 'yan watanni. Akwai ɗan'uwansa mai kujera da majingina, wannan alheri ne ga mai ciwon baya ko mai ƙiba sosai, sai dai yana cin wuri.

Keken sifin

Wannan shi ne irin na gidajen jim, mai ƙaton wili na ƙarfe da yake kai kilo 13 zuwa 20 a yawancinsu, zamansa kuma kusa yake da na keken titi. Ga wanda ba shi da keke a gida, a ganina nan ya kamata ya fara dubawa. Iri biyu ne. Mai birki yana da ɗan ƙyalle ko fata da yake danna wili, ya fi araha, kusan dala 200 zuwa 400, ƙyallen yana cinyewa, yana son ɗan mai lokaci lokaci, kuma ƙurar hunturu tana sa shi kuka, amma fa gyaransa ba wuya, har bel ko sarƙa da boris duk abin da makaniki zai gane ne. Mai maganaɗisu babu abin da yake gogar wani, shiru ne ƙwarai musamman in da bel yake aiki ba sarƙa ba, daga dala 300 har zuwa kusan 1,000 irin su Schwinn IC4, Keiser M3i kuma ya haura haka sosai.

Haɗarinsa ɗaya ne babba. A mafi yawansu feda a haɗe take da wili, babu firiwil, in ka tsayar da ƙafa feda bata tsayawa, tana iya bugun ƙwauri ko ta fizgi gwiwa, dole ka koyi danna birkin gaggawa. Kuma gidan da akwai yara ƙanana a riƙa ɗaure birkin tamau bayan an gama, yatsa da wili mai kilo 18 ba sa haɗuwa. Nauyinsa duka yana kai kilo 40 zuwa 50, ba abin ɗagawa kullum ba ne. In na gwanjo zaka saya, ka hau ka miƙe tsaye a kan feda ka ji ko akwai girgiza ko ƙwas-ƙwas a tsakiya, ka duba tsatsa a ƙarƙashin kan keken da sandar sirdi domin nan gumi yake taruwa, ka karanta iyakar nauyin da aka rubuta, masu araha da yawa kilo 100 zuwa 120 ne.

Peloton ma a wannan layin yake, da ƙaton allo da malamai masu koyarwa, amma kamfanin ba ya sayarwa a Najeriya ko Nijar ko Ghana, kuɗin wata-wata ne da dala, kuma intanet mai ƙarfi yake so. Mazauna Amurka ko Ingila su yi nazarinsa, mu nan bana ba da shawara.

Tirena mai danna taya

Yanzu mun shigo ɓangaren masu keke. Wannan ƙarfe ne mai ƙafa da ake ɗaure bayan keke a kai, tayar baya tana gogar wani ɗan gangare. Dala 100 zuwa 300, ana naɗe shi a tura ƙarƙashin gado, baya buƙatar wuta in ba mai kwamfuta ba ne, kuma babbar fa'idarsa a kan kekenka kake zaune, sirdin da jikinka ya saba da shi. Wanda yake da mai a ciki, irin Saris Fluid2, nauyinsa yana ƙaruwa da kansa in ka ƙara gudu kuma ya fi kama da titi. Mai maganaɗisu ya fi araha, da 'yar igiyar ƙarfe irin ta birkin keke ake canza nauyinsa.

Amma yana cin taya, zafin gogayya yana siɗe ta da sauri, kuma in tayar mai ƙuraje ce irin ta keken hawa dutse, ƙarar da zata yi kamar injin markaɗe ne a tsakar gida. Sai ka sa taya mai santsi, ka riƙa duba iska kafin kowane hawa. Wani abu da mutane suke mantawa, an ƙera shi ne don keke mai sandar taya ta zamani da ake buɗewa da hannu. Tsohon Phoenix ko Raleigh mai noti da madgad, mai giya ɗaya, ba lallai ya zauna ba, in ma ya zauna baka da giyar canza nauyi. Ka auna kafin ka biya.

Tirena mai cire taya

A nan cire tayar baya ake yi gaba ɗaya, a ɗora sarƙar keke kai tsaye a kan giyar da ke jikin na'urar. Babu cin taya, babu zamewa, ƙarar da zaka ji kusan ta sarƙa ce kawai. Tana auna ƙarfinka da wat, kuskurenta kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne, tana magana da waya ta Bluetooth, kuma zaka iya cewa ta riƙe ka a wat 140 na awa ɗaya ta riƙe, ko ka yi sauri ko ka sassauta. Ga mai atisaye da tsari, wallahi babu kamarta. Wahoo KICKR Core da ta fito a 2018 ita ce aka fi sani, kusan dala 500 zuwa 600, nauyinta kilo 18, akwai Elite Suito da JetBlack Victory a kusa da wannan farashin, sai manya irin Tacx Neo 2T da suka fi su tsada.

Sai dai ka shiga da ido biyu. Yawancinsu sai da wuta, in aka ɗauke lissafi ya tsaya nauyi ya saki. Wutar da suke ci kaɗan ce, ƙaramar inbata ko batirin sola zai ɗauka, amma kada ka jona kai tsaye a janareta ko layin da wuta take hawa tana sauka ba tare da sitabilaiza ba, in allon ciki ya ƙone babu mai gyara shi a kusa. Tacx Neo ita ce ta fita daban, tana samar wa kanta wuta daga tuƙinka, ko ba a jona ba tana aiki. Sannan dole giyar da za a ɗaura mata ta dace da ta kekenka, mai 8 ne ko 9 ko 11, da irin sandar tayar. Sai manhajar da take nuna maka titi a allo kana tuƙi tare da wasu ta intanet, Zwift kusan dala 20 ne a wata, kuma biyan dala da kati wani aiki ne na daban. MyWhoosh ta Abu Dhabi kyauta ce, hukumar tseren keke ta duniya UCI ma a kanta take gasar duniya ta intanet tun 2024, sai dai tana son waya ko kwamfuta mai ƙarfi. Kuma ba dole ne sai da su ba, manhajar kamfanin na'urar tana iya riƙe maka wat ba tare da ka biya komai ba.

Rola

Ganguna uku ne a jere, ka ɗora keke a kai ba ɗauri, ka tuƙa kana riƙe daidaito da kanka. Dala 150 zuwa 400, ba wuta, kusan ba abin lalacewa sai bel. Tana gyara tuƙi ƙwarai kuma bata barin hankali ya yi barci, amma sabon shiga zai faɗi, a bakin ƙofa ko jikin bango ake koyo, kuma shan ruwa ko goge gumi a kai sai an ƙware. Ta gogaggu ce.

Keke mai fanka

Iri biyu ne kuma kada a haɗa su. Assault da Rogue Echo masu hannu ne da ake turawa ana ja, iya ƙarfinka iya nauyin da zaka ji, sun dace da gajeren atisaye mai tsanani, awa ɗaya a kansu kuwa ba kowa ba, sirdinsu faɗi ne kuma suna da ƙara. Concept2 BikeErg da ya fito a 2017 daban ne, zamansa na keke ne, da bel yake aiki, ana iya sa masa sirdi da feda na keke, allonsa da batir biyu manya yake aiki yana kuma jan wuta daga juyin fankar, yana nuna wat na gaskiya, yana haɗuwa da waya, nauyinsa kusan kilo 31. Ba ruwansa da NEPA kwata-kwata. In da za a ce a ƙera keke don yanayinmu, da kusan haka zai fito. Tsadarsa ce matsala, ya haura dala 1,000 kafin dako, yana da huci na iska, kuma ƙura tana taruwa a gidan fankar sai an riƙa sharewa.

| Iri | Farashi da dala | Wuta | Ƙara | Ƙarko da gyara | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Gama-gari | 150 zuwa 300 | Batir | Shiru | Matsakaici | Kaɗan, sai ciwon zama |
| Sifin mai birki | 200 zuwa 400 | Babu | Matsakaici | Mai ƙarko, gyara a gida | Feda bata tsayawa |
| Sifin mai maganaɗisu | 300 zuwa 1,000 | Wasu suna so | Shiru sosai | Mai ƙarko | Feda bata tsayawa |
| Tirena mai danna taya | 100 zuwa 300 | Babu | Mai yawa | Mai ƙarko, yana cin taya | Keke ya ƙi zama |
| Tirena mai cire taya | 400 zuwa 1,300 | Yawanci dole | Shiru | Gyara sai waje | Wuta ta ƙona shi |
| Rola | 150 zuwa 400 | Babu | Matsakaici | Mai ƙarko sosai | Faɗuwa |
| BikeErg | Sama da 1,000 | Batir | Hucin iska | Mai ƙarko sosai | Kaɗan |

Akwai ƙananan kaya da ko wanne ka ɗauka zaka buƙata. Tawul a kan keken domin gishirin gumi yana cin ƙarfe da noti, a goge bayan kowane hawa, a rufe da zani lokacin hunturu. Tabarmar roba a ƙasa. Wandon keke mai soso a ciki, wanda ya fi canza sirdi amfani. Bel na ƙirji mai auna bugun zuciya, kusan dala 30 zuwa 60, shi kaɗai yana mayar da keken sifin mara kwamfuta abin atisaye mai tsari, domin a tuƙin juriya bugun zuciya da numfashi sun ishe ka jagora. Ruwa kuma a kusa, a zafi mutum yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a awa. Da azumi a bari sai bayan buɗa baki. Mai hawan jini ko ciwon suga ko wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ya ga likita kafin ya fara, in jiri ko ciwon ƙirji ya zo ana cikin tuƙi a sauka nan take.

To wa zai ɗauki wanne

Idan baka da keke kuma gida ɗaya za ku yi amfani da shi, kai da uwargida da yara manya, ɗauki keken sifin mai maganaɗisu da bel, wanda baya buƙatar jonawa, domin cikin minti ɗaya ake canza tsayin sirdi daga wannan zuwa wancan. In kuɗi sun gaza, na gwanjo mai birki daga gidan jim ya fi sabon mai araha mara nauyi, muddin ka gwada shi da kanka.

Idan kana da keke mai giya kuma damina ko ƙura ko cunkoson titi ne yake hana ka fita, tirena mai danna taya da taya mai santsi ta ishe ka, sauran kuɗin ka sa a fanka da bel na ƙirji. In maƙwabta suna jikin bangonka ko a bene kake, tsallake ta.

Idan kana shirin tsere ko kana bin tsarin mai horarwa, kuma kana da sola ko inbata a gida, tirena mai cire taya irin KICKR Core. In wutarka babu tabbas kuma aljihu zai ɗauka, Neo. Mazauna Turai da Amurka da sanyi yake kulle su watanni a ɗaki, su ma nan ne wurinsu, tunda garanti da gyara suna kusa da su.

Mai son abu ɗaya da zai shekara goma yana aiki ba wuta ba biyan wata, kuma yana son lissafi na gaskiya, BikeErg. Dattijo, ko mai ciwon baya ko gwiwa, ko 'yar uwa da take son farawa a hankali bayan haihuwa da izinin likita, na gama-gari ko mai majingina ya dace, a fara da minti 15 a riƙa ƙara biyar duk sati. Rola kuma a bar ta ga wanda ya riga ya iya keke sosai yana son ta a matsayin ta biyu.